Furobayotik da Alajin Yara: Tambayoyin Iyaye a Sakkwato da Amsoshinsu

Ana samun furobayotik na yara a manyan kantunan magani, ana kuma tallarsa ga iyaye mata a WhatsApp da Facebook da sunan yana maganin borin jini, ƙaiƙayin fata da asma. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai gaskiyar ba ta kai girman tallar ba. Ga abin da iyaye suka fi tambaya.

Mene ne furobayotik, kuma me ya haɗa shi da alaji?

Ƙwayoyin halitta ne masu rai, yawanci baktiriya, wani lokaci kuma yis, waɗanda ke amfanar jiki idan an sha isasshen adadinsu. Ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar a 2001 ke nan. A riƙe sharuɗɗan biyu: su kasance da rai, su kuma kai adadi.

Tun daga lokacin haihuwa hanjin jariri ke fara cika da ƙwayoyin halitta, daga mafitar haihuwa, da fatar uwa, da nononta. A cikin nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari da jaririn ba ya narkar da su, abinci ne na baktiriyar Bifidobacterium da ke zaune a hanjinsa. Waɗannan baktiriya suna cikin masu koya wa garkuwar jiki bambance abin da ke cutarwa da wanda ba ya cutarwa. Alaji kuwa shi ne garkuwar ta ɗauki abin da ba ruwansa, kamar gyaɗa, ƙwai, madara ko ƙurar ɗaki, a matsayin abokin gaba, ta far masa. Daga nan ne tunanin ya taso cewa in aka gyara mazauna hanji da wuri, ƙila garkuwar ta tashi da tarbiyya. Tunanin yana da tushe. Abin tambaya shi ne me aka gani da aka gwada shi a jikin yara.

Likita, ina da ciki, ni da maigidan duka muna da asma. In na sha, zai kare jaririn?

Daga egzima, wato cutar bushewar fata da ƙaiƙayi da wasu ke kira kirci, yana iya rage haɗarin kaɗan. Daga asma kam, a'a.

Binciken da ya tayar da maganar an yi shi ne a Finlan, aka buga a 2001. An ba mata masu ciki Lactobacillus rhamnosus GG mako 2 zuwa 4 kafin haihuwa, aka ci gaba wata 6 bayan haihuwa. Da yaran suka cika shekara 2, kashi 23 cikin 100 ne suka kamu da egzima, a rukunin da ba a ba su ba kuwa kashi 46. Rabi cif. Duniya ta ɗauka an samo bakin zaren.

Sai aka maimaita a Jamus a 2008 da wannan nau'in dai, ba a ga wata kariya ba, hasali ma yaran da aka ba sun fi yawan tari mai shaƙar ƙirji. A Amurka a 2017 aka ba jarirai shi tsawon wata 6 na farko, nan ma shiru, ba egzima ba asma. A Niyu Zilan kuwa, a 2008, an gwada nau'i biyu a bincike ɗaya: Lactobacillus rhamnosus HN001 ya rage egzima da kusan rabi, Bifidobacterium HN019 bai yi komai ba.

Darasin na ƙarshen nan shi ne mafi muhimmanci. Bokolo da Rahaji duk shanu ne, amma makiyayi ba zai ce maka halinsu ɗaya ba, haka nau'o'in furobayotik suke. Abin da aka gani a wani nau'i ba ya zama hujja ga wani, ko da sunan farko iri ɗaya ne.

Idan aka tattara gwaje-gwajen wuri ɗaya, raguwar egzima tana kamawa kusan kashi 20 cikin 100, kuma ta fi fitowa idan uwa ta fara sha a ƙarshen ciki aka ci gaba bayan haihuwa. Shi ya sa Ƙungiyar Masana Alaji ta Duniya a 2015 ta ce ana iya ba mai ciki, mai shayarwa da jariri idan gidan masu alaji ne, amma ta faɗa ƙarara cewa hujjar mai rauni ce. Takwararta ta Turai ba ta ba da shawarar a sha don rigakafin alajin abinci ba. A ganinmu, mace irinki da ke da hali tana iya gwadawa bayan ta yi magana da mai duba cikinta a wurin awo. Wadda za ta rage kuɗin ƙwai, kifi da maganin ƙarin jini don ta saya, kada ta saya.

Wa ake nufi da "gidan masu alaji", kuma nawa ake sha?

Jaririn da uwarsa, ubansa, ko wansa ko yayarsa na jini ke da egzima, asma, murar alaji ko alajin abinci. Kawu da goggo ba sa cikin lissafin.

A gwaje-gwajen da suka yi nasara, an ba da CFU biliyan 10 na nau'in GG a rana, ko biliyan 6 na HN001, daga kimanin mako na 35 ko 36 na ciki. CFU shi ne ma'aunin adadin masu rai da ake bugawa a jikin kwali. Bayan haihuwa uwa na ci gaba da sha tana shayarwa, ko a ba jaririn, aƙalla wata 6. Ba abin sha na mako ɗaya ba ne, domin baktiriyar ba ta kafa gida a hanji. In an daina, cikin mako 1 zuwa 2 yawanci ta fice.

Ɗiyata ta riga ta kamu, kumatunta da bayan gwiwa sun yi kaushi tana ta susa. Zai warkar da ita?

Ba zai warkar ba. A 2018 masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 39 da suka ƙunshi mutum kusan 2,600 masu egzima, suka tarar da bambancin ƙaiƙayi da rashin barci tsakanin masu sha da waɗanda ba su sha ba ko dai kaɗan ne ƙwarai ko babu.

Da farko ma a tabbatar egzimar ce. Ƙazuwa tana fitowa a tsakanin yatsu, wuyan hannu da cibiya, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma sai a ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna susa. Ƙurajen zafi ƙanana ne a wuya da baya, suna zuwa da bazara suna tafiya in an sami sanyi. Egzima kuwa fata ce busasshiya mai kaushi, a kumatu da goshi ga jariri, a lanƙwasar gwiwa da gwiwar hannu ga wanda ya tasa. Da hunturu take tashi. Za ki ga jaririya a goye tana ta goga kumatu a bayanki, in aka sauke ta wurin ya yi ja ya tsage, wani lokaci yana tsattsafo da ruwa.

Abin da ke aiki a kan fatar yake. Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi kaɗan, minti 5 zuwa 10, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi ko na kashe ƙwayoyin cuta. A dafa jiki da tawul, kada a goge, sai a shafa basilin fari mara turare ko man kaɗe mai tsabta cikin minti 3, tun fatar da sauran damshi. A maimaita aƙalla sau 2 a rana, da hunturu sau 3 ko 4. Yaron da abin ya bazu a jikinsa yana iya cinye giram 250 a mako, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ƙwauron mai. Inda ya yi ja yana ƙaiƙayi, likita zai rubuta man haidirokotizon na kashi 1 cikin 100 na mako 1 zuwa 2. Abin da aka matso daga kan yatsa zuwa gaɓar farko ya ishi wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu.

Abu biyu a kiyaye. Mayukan haɗi da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi da ke sirantar da fatar jariri ya kuma shiga jininsa. Na biyu, kada a shafa man gyaɗa a fatar da ta tsage. Wani bincike a Ingila a 2003 ya gano alaƙa tsakanin shafa mayuka masu man gyaɗa a irin wannan fata da kamuwa da alajin gyaɗa daga baya.

Asma fa, da atishawar da ke tashi in hazo ya sauka?

A 2013 an tattara gwaje-gwaje 20 na yara sama da 4,800, ba a ga furobayotik ya hana asma ba. Ba ya kuma buɗe ƙirji idan ta tashi. Yaro mai asma abin shaƙarsa shi ne maganinsa, kada a ajiye shi saboda wata kwalba.

A murar alaji wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna sauƙi kaɗan, wasu ba su nuna ba. Za a fi ganin bambanci idan aka fitar da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi daga ɗakin da yaron ke kwana, aka nisanta shi da hayaƙin murhu, aka yayyafa ruwa kafin shara, aka kuma shanya katifa da darduma a rana a kakkaɓe su yana nesa.

An ce a Ostareliya an warkar da alajin gyaɗa da furobayotik. Gaskiya ne?

Rabin labarin ne ya iso. A Melbon, a 2015, an ba yara masu alajin gyaɗa furobayotik haɗe da garin gyaɗa kaɗan-kaɗan ana ƙarawa tsawon wata 18, a ƙarƙashin kulawar asibiti. Kashi 82 cikin 100 suka iya cin gyaɗa daga baya. Amma ba a raba aikin gyaɗar da na baktiriyar ba. Da aka raba a bincike mafi girma a 2022, waɗanda aka ba gyaɗar ita kaɗai sun sami sauƙi daidai da waɗanda aka haɗa musu. Ashe gyaɗar ce ke aikin, furobayotik dai ya ɗan rage ciwon ciki yayin jinyar. Kada kowa ya gwada wannan a gida, yaro na iya shaƙewa.

Inda hujja ke da ƙarfi shi ne rigakafi ta hanyar fara abincin da wuri. Binciken da aka yi a Landan kan jarirai 640, aka buga a 2015, ya nuna fara gyaɗa kafin cika shekara ya rage alajinta da kimanin kashi 80 cikin 100. Mu nan kunun gyaɗa yana hannunmu. Da yaro ya cika wata 6 ya fara cin abinci, a dama ƙaramin cokali 2 na niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi da ruwan zafi cokali 2 ko 3, a bari ya huce. A lasa masa kan cokali, a jira minti 10, in lafiya a ba shi sauran, a sa masa ido awa 2. A yi da safe, ranar da yake lafiya. Daga nan sau 3 a mako. Gyaɗa ƙwaya da ƙuli-ƙuli ba na ƙasa da shekara 5 ba ne saboda shaƙewa, kuma a tsince wadda ta yi funfuna a zubar. Dafaffen ƙwai ma haka, a dafa shi ya nuna sarai. Yaron da egzimarsa ta yi tsanani ko ya taɓa kumbura da ƙwai, likita ya gan shi tukuna.

Jaririn da madarar gwangwani ke sa shi amai da kashi mai jini fa?

Wannan na iya zama alajin furotin na madarar shanu. Maganinsa cire madarar, a koma nonon uwa, ko madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta. Gwaje-gwajen da aka yi a Italiya sun nuna idan aka haɗa irin wannan madara da nau'in GG yara sun fi saurin jure madarar shanu. Amma a lura, madarar ta musamman ce tushen jinyar. Zuba furobayotik a madarar da ke cutar da shi ba ya gyara komai. Madarar akuya da ta tunkiya ma ba mafita ba ce, furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya. Wasu furobayotik ɗin kansu suna da ɓurɓushin madara, sai a duba kwalin.

Inna ta ce mu da muka tashi da fura da nono ba mu buƙatar na kwalba. Kindirmo bai isa ba?

Inna tana da hujja ta wani gefen. Kindirmo yana ɗauke da baktiriya masu rai, abinci ne mai kyau ga mai ciki da mai shayarwa da yaron da ya wuce wata 6. Abin da ba za a ce ba shi ne yana hana alaji, domin ba nau'in da aka gwada ba ne, kuma adadin yana sauyawa daga ƙwarya zuwa ƙwarya.

Babbar damuwarmu tsabta ce. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar burusela mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Wanda aka tsinka da ruwan da ba a san asalinsa ba yana kawo gudawa da taifot. Ga ƙaramin yaro gara a yi a gida: a tafasa madara lita 1, a bari ta huce har yatsa mai tsabta ya jure ɗuminta, a zuba babban cokali 2 na kindirmo mai kyau, a rufe awa 6 zuwa 8. Da zafin bazara yana kamawa da wuri, sai a sa a firij ko a shanye a ranar. Babban cokali 2 ko 3 ya ishi ɗan wata 6 a farko, ba sukari, ba zuma. Zuma ba ta halatta ga lafiyar yaron da bai cika shekara ba saboda gubar botulizim. Ƙasa da wata 6 kuwa nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ba shi.

Kamu da daddawa su ma ta hanyar tsimuwa ake samunsu, amma da zarar an dama koko da tafasasshen ruwa ko an dafa miya, masu ran sun mutu. Abinci ne mai amfani, ba furobayotik ba.

In zan saya, me zan duba?

Cikakken suna mai kashi uku, misali Lactobacillus rhamnosus GG. Sababbin kwalaye na iya rubuta Lacticaseibacillus rhamnosus GG, an sauya sunan ne a 2020, abu ɗaya ne. Kwalin da ya tsaya a Lactobacillus kawai ba ka san me ka saya ba. Sai adadin CFU, kuma a ga an ce adadin har zuwa ranar ƙarewar aiki ne, ba ranar da aka haɗa ba. Sai lambar NAFDAC, da ranar ƙarewa. Mai damuwa da jelatin ɗin kafso ya nemi na gari ko na ɗigo.

Sai babbar matsalar garin nan, zafi. Wasu ana so a ajiye su a firij tsakanin digiri 2 da 8, wasu ƙasa da digiri 25. A watan Afrilu Sakkwato na haura digiri 40. Ka shiga shago da azahar, rufin kwano, fanka a tsaye don ba wuta, kwalin yana kan kanta kusa da taga, ka taɓa shi ka ji ɗumi. Lambar da ke jikinsa tana nan, amma ba wanda zai lamunce maka masu ran da ke ciki. Ka tambayi mai kantin inda yake ajiyewa da abin da yake yi in an ɗauke wuta. Ka saya kaɗan, na wata ɗaya. Fakiti ɗaiɗai na takardar alminiyam sun fi kwalbar da ake buɗewa kullum jure damshin damina. Kada a bar shi a mota ko a ƙarƙashin kujerar babur. A gida, in ba firij mai tsayayyar wuta, a sa shi cikin roba mai murfi da ba ta shan ruwa a ajiye gindin randa, a kuma zaɓi nau'in da ba a rubuta sai firij ba.

Yaya ake ba jariri?

A tatso nono kaɗan a cokali mai tsabta, a zuba garin ko ɗigon, a ba shi nan take. Ga wanda ya fara cin abinci, a zuba a cokalin farko na kunun da ya huce, ba a kofi gaba ɗaya ba, don in ya bar saura ya bar maganin. Kunu mai zafi yana kashe su. Kada a zuba busasshen gari a bakin jariri, yana iya sarƙewa. In yana shan antibayotik a raba su da awa 2. Kumburin ciki da yawan tusa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne.

Akwai yaran da bai kamata a ba su ba?

Akwai, kuma nan ba wasa. Bakwaini da jariri mai ƙarancin nauyi sosai, yaron da garkuwarsa ta yi rauni saboda cutar daji ko ƙanjamau ko magungunan danne garkuwa, mai tamowa mai tsanani, wanda aka yi wa aikin hanji, mai ciwon zuciya, da wanda ke kwance da robar ƙarin ruwa a babbar jijiya. A irin waɗannan, baktiriyar ko yis ɗin na iya tsallakawa jini. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan rasuwar wani bakwaini da aka samu baktiriyar furobayotik ɗin da aka ba shi a jininsa. Mai sikila a tambayi likitansa kafin a fara. Duk jaririn da ya yi zazzaɓi, ya ƙi nono ko ya yi laushi yana kan sha, a dakatar a kai shi asibiti, a tafi da kwalin.

Da tiyata na haihu, an kuma ba jaririn antibayotik. Ya zama dole in ba shi?

Ba dole ba ne. Gaskiya ne duka biyun suna sauya mazauna hanji a watannin farko, kuma wani babban bincike a Finlan ya ga kariyar furobayotik ta fi daɗewa a yaran tiyata. Amma abin da ya fi maido da Bifidobacterium shi ne shayarwa. Ki sa shi a nono da zarar kin iya, ki ba shi dakashi, kada a zubar. Ki kuma daina karɓar antibayotik daga kemis don mura, yawancinta bairos ne ke kawo ta.

Mai shayarwa ta daina cin gyaɗa, ƙwai da kifi don kare yaro?

A'a. Ƙaurace musu ba ya hana alaji, ramar da uwa kawai yake yi. Sai in likita ya tabbatar wani abinci na taɓa jaririn ta nono.

Wace alama ce ta gaggawa?

Idan cikin 'yan mintoci zuwa awa 2 bayan cin wani abu, shan magani ko harbin ƙudan zuma, leɓe, harshe ko idanu suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya ko yana fito, amai ya zo a jere, ko yaron ya yi laushi kamar zai suma, wannan alaji ne mai kisa. Borin jini kaɗai a fata, yaro yana wasansa, maganin ƙaiƙayi da likita ya rubuta ya isa. Amma in ya haɗu da ɗaya daga cikin waɗancan, ba a jira.

A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ke ba shi wuya a zaunar da shi a jingine, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. Kada a ɗura masa manja, nono ko rubutu a baki, yana iya shiga huhu. Piriton ba ya buɗe maƙogwaro. A nufi sashen gaggawa na yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko duk asibitin da ya fi kusa, a faɗa tun daga ƙofa abin da ya ci da lokacin da ya ci. Maganin allurar adrenalin ce a tsokar cinya, miligiram 0.01 ga kowane kilo na nauyinsa, ana iya maimaitawa bayan minti 5. Ko ya warware a bar shi a asibiti na wasu awoyi, domin abin yana iya dawowa, kuma kafin sallama a nemi a rubuta sunan abin da ya jawo a katinsa, a sanar da malaman makarantar boko da na allo da duk gidan da yake cin abinci.